Maro Itoje da tsanin da Najeriya ta kasa kafawa

Ranar 26 ga watan Yulin 2025, a babban filin wasa na birnin Melbourne, tawagar Lions ta Birtaniya da Ireland ta farfaɗo bayan ana cin ta 23 da 5, ta doke Ostireliya 29 da 26 a gaban 'yan kallo fiye da 90,000. Da wannan nasara ta lashe jerin wasannin zari-ruga uku da aka shirya tsakaninsu tun kafin a buga na ƙarshe, kuma rabonta da lashe irin wannan jeri tun 2013. Mutumin da ya jagorance ta a fili shi ne Oghenemaro Miles Itoje, suna ne da duk wanda ya zauna da mutanen Neja Delta zai gane asalinsa. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin Lions tun da aka fara irin wannan rangadi a 1888.

Labari irin wannan yana yi wa ɗan Najeriya daɗi, kuma an san abin da kan biyo baya: saƙonnin taya murna, da hotuna a shafukan sada zumunta, da jawabai a kan jinin Najeriya da ba ya ɓuya duk inda ya je. Ɗa nagari na kowa ne, babu laifi a yi murna da shi. Laifin yana wajen tsayawa a nan. Wanda ya bi tarihin Itoje daga ajin farko na sakandare zuwa wannan matsayi zai tarar da cewa a ƙarƙashin kowane mataki da ya taka akwai makaranta, ko ƙungiya, ko yarjejeniya a rubuce, ko dokar da ba ta duban fuska. Babu ɗaya daga cikinsu da Najeriya ta gina. Irin waɗannan abubuwa kuwa a kan teburin ma'aikaci ake haifarsu, a kan teburinsa kuma suke mutuwa. Shi ya sa labarin wannan ɗan wasa ya shafi Sakatariyar Tarayya fiye da yadda ya shafi majalisar masu hirar ƙwallo.

Aikin da yake yi a fili

Yawancin masu karatun Hausa ba su taso da zari-ruga ba, saboda haka ya dace a fayyace abin da ake yaba wa Itoje a kansa. Kowane ɓangare 'yan wasa 15 ne, ana fafatawa minti 80. Ana rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, amma ba a miƙa ta gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ya dire ta a bayan layin abokan hamayya ya samo wa ɓangarensa maki 5. Takwas daga cikin 15 ɗin ƙarti ne masu turereniya, kuma a sahu na biyu na wannan rukuni Itoje yake, galibi da lamba 4 a bayan rigarsa. Idan ƙwallo ta fita aka jefo ta daga gefe, shi ake cillawa sama ya cafe. Idan an ka da abokin hamayya, shi ke kutsa kai cikin cunkoso ya ƙwato ta.

Gurbi ne na wahala, mai shi ba kasafai yake cin maki ba, kuma ɗan kallon da bai san wasan ba zai iya tashi bai lura da shi ba. Tsayi na kusan mita 2 da ƙarfin ƙirji baiwa ce daga Allah. Amma sanin lokacin da za a yi tsalle, da gane dabarar abokan hamayya daga yadda suka jeru, da sanin iyakar haƙurin alƙalin wasa, sai an ɗauki shekaru ana koyo a hannun wanda ya sani.

Daga ɗakin kwanan ɗalibai

An haife shi a unguwar Camden ta Landan ranar 28 ga Oktoban 1994, iyayensa duka biyu 'yan Najeriya. Ya fara zari-ruga ne bayan ya shiga makarantar St George's da ke garin Harpenden, arewa da Landan, yana ɗan shekara 11. Makaranta ce da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, tana da sashen kwana, tana da fili, tana da malaman wasanni da jadawalin gasa da wasu makarantu. Cikin 'yan wasa 31 da Ingila ta kai gasar cin kofin duniya a Japan a 2019, huɗu sun zauna a azuzuwan wannan makaranta guda: Owen Farrell, da George Ford, da Jack Singleton, da Itoje. Makaranta ɗaya ba ta fitar da mutum huɗu a tawaga ɗaya bisa sa'a.

Daga nan ya sami tallafin karatu zuwa Harrow, makarantar da ta yaye Winston Churchill da Jawaharlal Nehru da Sarki Husaini na Jordan, inda ya ƙarasa sakandare. A daidai wannan lokaci ƙungiyar Saracens ta arewacin Landan ta riga ta ɗauke shi cikin sashen horar da matasanta. Bai ajiye littafi don ya riƙe ƙwallo ba: yana buga wa Saracens wasa ya yi digiri a fannin siyasa a SOAS, sashen Jami'ar Landan da ya shahara da nazarin Afirka da Gabas, daga baya kuma ya ƙara da digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci a Jami'ar Warwick.

Masu ganin komai jini ne za su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tarihin 'yan asalin Najeriya a zari-rugar Ingila ma kamar yana goyon bayansu. Chris Oti ya dire ƙwallo sau uku a wasa ɗaya da Ireland a filin Twickenham a 1988. Andrew Harriman, haifaffen Legas, shi ya jagoranci Ingila ta ci kofin duniya na 'yan bakwai-bakwai a 1993. Victor Ubogu haifaffen Legas ne, Steve Ojomoh na Benin, Adedayo Adebayo na Ibadan. A wannan zamani akwai Anthony Watson, da Nick Isiekwe, da Beno Obano, da Immanuel Feyi-Waboso. Sai dai idan aka duba hanyar da waɗancan na farko suka biyo, ta makarantun kwana na Ingila ce, har ma Ubogu da Ojomoh makaranta ɗaya suka yi, West Buckland a yankin Devon. Jinin da suka ɗauka yana nan a jikin miliyoyin yara a Warri da Kano da Makurdi, amma tawagar Najeriya ta Black Stallions ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba, alhali Kwaddibuwa ta je a 1995. Da jini kaɗai ke yin aikin, da sakamakon ya bambanta.

Hawa mataki-mataki

Itoje ya fara buga wa manyan Saracens wasa a kakar 2013 zuwa 2014. A watan Yunin 2014 ya jagoranci matasan Ingila 'yan ƙasa da shekara 20 suka ci kofin duniya a New Zealand, bayan sun doke Afirka ta Kudu 21 da 20 a wasan ƙarshe. Shekara ta gaba Saracens ta ci gasar Premiership, wato rukunin farko na Ingila, yana cikin tawagar.

Shekarar 2016 ce ta fito da shi duniya. Ranar 14 ga Fabrairu koci Eddie Jones ya sako shi daga benci a wasa da Italiya a birnin Rum, wasansa na farko ke nan a babbar tawagar Ingila. Kafin Maris ya ƙare Ingila ta cinye duk wasanninta biyar a gasar ƙasashe shida. A watan Mayu Saracens ta doke Racing 92 ta Faransa 21 da 9 a birnin Lyon ta ɗauki kofin zakarun Turai karo na farko, aka zaɓe shi gwarzon wasan, sannan gwarzon Turai na shekarar. A watan Yuni ya je Ostireliya tare da Ingila suka cinye wasanni uku a jere. Duk wannan bai cika shekara 22 ba.

A 2017 shi ne mafi ƙarancin shekaru a tawagar Lions da ta je New Zealand ta tashi kunnen doki, kowa ya ci wasa ɗaya aka yi canjaras 15 da 15 a na uku. A 2019, a birnin Yokohama, shi aka zaɓa gwarzon wasan kusa da na ƙarshe da Ingila ta fitar da New Zealand 19 da 7, kafin Afirka ta Kudu ta doke ta 32 da 12 a wasan ƙarshe. Da Saracens ya ci kofin Premiership sau biyar, a 2015, 2016, 2018, 2019 da 2023, da kofin Turai sau uku, a 2016, 2017 da 2019.

Jerin kofuna yana burgewa, amma abin da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya tsaya a kansa yana bayan fage. A Ingila ƙungiyoyi ne ke biyan 'yan wasa albashi, hukumar zari-ruga ta ƙasa kuma tana buƙatarsu makonni da dama a shekara. Wannan buƙatu biyu ne masu karo da juna, kuma sun daɗe suna haddasa rigima. Maganin da aka samo shi ne yarjejeniya a rubuce ta shekara takwas-takwas: an yi ɗaya ta fara aiki a 2008, aka sabunta a 2016, aka sake sabuntawa a 2024. Ita ke fayyace lokacin da ƙungiya za ta saki ɗan wasa, da kuɗin da hukuma za ta biya ta, da tallafin sassan horar da matasa, da hutun da jikin ɗan wasa ke buƙata. Yaron da ya shiga tsarin yana ɗan shekara 14 ya san cewa zai tarar da shi yana nan idan ya kai 22. A Saracens ma mutum ɗaya, Mark McCall, ya riƙe ragamar horarwa tun 2011, wato tun kafin Itoje ya fara buga wa manya wasa har ya zama kyaftin ɗinsu.

A gwada wannan da gida. An kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971. A 2015 an narkar da ita cikin Ma'aikatar Matasa da Wasanni. A 2023 an ware Ma'aikatar Bunƙasa Wasanni ita kaɗai, a watan Oktoban 2024 kuma aka soke ta aka mai da aikin ga Hukumar a ƙarƙashin Shehu Dikko. Kowane sauyi yana da hujjarsa, amma yaron da ya shiga sakandare a 2014 ya ga an sake wa gidan da ke kula da makomarsa suna da shugabanci sau uku kafin ya gama jami'a. Shukar da ake tonewa kullum a duba saiwarta ba ta kai kaka.

Ranar da doka ta hau kan zakara

Babi mafi muhimmanci a tarihin Itoje a ƙungiya shi ne wanda babu kofi a cikinsa. Gasar Premiership tana da ƙa'idar da ta ƙayyade jimillar albashin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta a kaka, a lokacin fam miliyan 7, domin kada mai kuɗi ya kwashe duk gwanaye ya bar sauran da kallo. A watan Nuwamban 2019 wani kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin tsohon babban alƙali Lord Dyson ya sami Saracens da laifin ƙetare wannan iyaka a kakanni uku a jere. Hanyar da aka bi ita ce hannun jari da mai ƙungiyar na lokacin, Nigel Wray, ya zuba tare da wasu 'yan wasa, wanda kwamitin ya ce albashi ne a wata riga. Cikin abin da aka lissafa har da hannun jarin da aka saya a kamfanin da ke kula da haƙƙin tallan sunan Itoje, wanda aka ce an biya fiye da darajarsa. Kwamitin bai ɗora wa 'yan wasan laifi ba, ƙungiyar ya hukunta: tarar fam miliyan 5.36 da ragin maki 35. A watan Janairun 2020 aka ƙara rage mata maki 70, abin da ya tabbatar da faɗawarta rukuni na biyu.

A tuna ko wace ce aka yi wa haka. Ita ce mai riƙe da kofin Ingila da na Turai a lokacin, kuma ita ce ta ba tawagar ƙasa kyaftin ɗinta da jigoginta da suka dawo daga wasan ƙarshe na kofin duniya kwanaki kaɗan kafin hukuncin. Duk wata hujja ta a rufa asiri don maslahar ƙasa tana nan. Ba a saurare ta ba, kuma ba a ji wani minista ya sa baki a sassauta ba.

Itoje ya zauna. Yana cikin ganiyarsa, kasuwarsa na ci, amma ya bi ƙungiyarsa zuwa rukunin da ake wasa a ƙananan filaye. Gaskiya ce akwai ƙa'idar da ta hana Ingila kiran ɗan wasan da ke zaune a ƙasar waje, kuma wannan ma ya sa tafiya Faransa ta yi tsada ga irinsa. To amma ita ma ƙa'idar wani ɓangare ce na tsarin da ake magana a kai: an tsara abubuwa yadda amana da maslahar kai za su kama hanya ɗaya. Saracens ta sha kashi a wasanta na farko a hannun Cornish Pirates a watan Maris na 2021, ta dawo rukunin farko a watan Yuni bayan ta doke Ealing. A wannan bazara ce Itoje ya je Afirka ta Kudu da Lions, kuma duk da an ci su wasa biyu cikin uku, shi aka zaɓa gwarzon tawagar. Bayan shekara biyu Saracens ta sake ɗaukar kofin Ingila, wannan karon babu mai nuna mata yatsa.

Hukuncin bai kashe ƙungiyar ba, ya wanke kofin da ta ci daga baya. Ma'aikacin da ya taɓa ganin rahoton kwamitin bincike ya shige durowa don wanda aka bincika yana da uwa a gindin murhu ya san tazarar da ke tsakanin wannan labari da abin da ya saba gani.

Shugabancin da bai zo da wuri ba

Tun yana matashi ake hasashen zai zama kyaftin ɗin Ingila, amma abin ya ɗauki kusan shekara tara. A wani littafi da ya fitar a 2021, Eddie Jones ya nuna shakku a fili ko Itoje zai dace da matsayin, bisa ganin cewa hankalinsa ya fi karkata ga aikin kansa. Magana ce mai zafi daga bakin mutumin da ke zaɓen tawaga. Itoje bai yi yaji ba, ya ci gaba da buga wasa a ƙarƙashinsa, sannan a ƙarƙashin Steve Borthwick da ya gaje shi, har Ingila ta zo ta uku a kofin duniya na 2023 a Faransa. Da Owen Farrell ya koma Racing 92 a 2024 aka ba shi kyaftin ɗin Saracens. A watan Janairun 2025, yana da shekara 30, Borthwick ya naɗa shi kyaftin ɗin Ingila a madadin Jamie George, wanda ya ci gaba da wasa a ƙarƙashinsa. Ingila ta zo ta biyu a gasar ƙasashe shida ta shekarar. Ranar 8 ga Mayu kocin Lions, Andy Farrell, ya sanar da shi a matsayin jagoran rangadin Ostireliya, Ba'ingile na farko da ya sami haka tun Martin Johnson a 2001.

Abin da za a ce

Akwai hujjoji na gaske da za a kawo a kan wannan kwatanci. Na farko, Ingila mai arziki ce, kuma zari-rugarta ta daɗe tana hannun 'ya'yan masu hali, kuɗin makarantar Harrow ma ya fi ƙarfin yawancin Turawan kansu. Na biyu, tsarin nasu ba tsarkakakke ba ne: tsakanin 2022 da 2023 ƙungiyoyi uku na rukunin farko, Worcester da Wasps da London Irish, sun durƙushe saboda bashi, 'yan wasa da ma'aikata suka wayi gari babu aiki. Na uku, ƙasar da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro ba zari-ruga ce damuwarta ba.

Duka gaskiya ne, amma babu wanda ya rushe maganar. Siya Kolisi, wanda ya ɗaga wa Afirka ta Kudu kofin duniya a 2019 da 2023, ya taso cikin talauci a unguwar Zwide ta birnin Gqeberha, kuma tallafin karatu zuwa makarantar Grey ne ya sauya rayuwarsa. An gan shi ne a gasar yara, domin akwai gasar, akwai kuma mai zuwa kallo. Kenya, wadda ba ta fi Najeriya arziki ba, ta doke Fiji 30 da 7 ta ci gasar 'yan bakwai-bakwai ta duniya a Singafo a 2016, da 'yan wasan da suka fito daga gasar makarantunta da ƙungiyoyinta na cikin gida. Durƙushewar ƙungiyoyin Ingila kuwa ta nuna abin da ke faruwa inda aka yi sakaci da duba littattafan kuɗi, wato ta ƙara wa hujjar ƙarfi. Game da fifiko, ba a ce a gina filin zari-ruga a kowace jiha ba. Tsanin da ake magana a kai iri ɗaya ne ga mai tsere, da mai dambe, da mai kokawa, da 'yar ƙwallon kwando.

Wadda aka rasa da hannu

Ya kamata a bambance abu biyu. Najeriya ba ta rasa Itoje ba, domin bai taɓa zama a hannunta ba. A Landan aka haife shi, a can aka raine shi, kuma Ingila ta cancanci abin da ta girba. Wadda aka rasa ita ce irin Annette Echikunwoke. A jihar Ohio ta Amurka aka haife ta, ta zaɓi ta wakilci ƙasar iyayenta a wasan jifan guduma, ta isa Tokyo a 2021 da rigar Najeriya. A can aka sanar da ita da wasu 'yan Najeriya tara cewa ba za su shiga gasa ba, domin ba a yi masu gwajin ƙwayoyi uku na ba-zata da doka ta wajabta cikin wata 10 kafin gasar ba. Babu wanda aka kama da shan komai, aikin ofis ne ba a yi ba. Ta koma Amurka, a birnin Paris a 2024 ta ci azurfa, Najeriya kuwa ta dawo daga wannan gasa ba ko tagulla. A Paris ɗin ne kuma Favour Ofili ta tarar ba a shigar da sunanta a tseren mita 100 ba bayan ta cika sharaɗi. Kafin nan, a 2022, shawarar janye ƙasa daga wasannin ƙwallon kwando na duniya ta jawo wa D'Tigress, zakarun Afirka, asarar gurbinsu a kofin duniya, aka ba Mali. Ko da aka janye shawarar bayan makonni, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan asarori da rashin baiwa ya jawo, kuma babu wadda ta buƙaci biliyoyi kafin a kauce mata. Wasiƙa ce ba a aika ba, da fom da ba a cika ba, da shawarar da aka yanke ba a tambayi wanda ya san ƙa'ida ba.

Abin da ke hannun mai riƙe da fayil

Gwamnatin Tarayya tana da kwalejojin haɗin kai fiye da 100, yawancinsu na kwana, masu filaye tun daga kafuwarsu. Su ne takwarorin St George's. Abin da suke buƙata malamin wasanni ne mai horo a kowace, da sa'o'in da ba a cinye su da darasin share fagen jarrabawa, da jadawalin gasa tsakanin shiyyoyi wanda aka san ranarsa tun farkon zango, aka kuma sa kuɗinsa a kasafi a layin da ba a karkatarwa. Ƙungiyoyin sa-kai irin Barewa ta Kano, da suka daɗe suna koya wa yara zari-ruga da abin da ya sauwaƙa, sun nuna cewa yaran suna nan, kuma suna zuwa idan an buɗe masu ƙofa.

Tsakanin Hukumar Wasanni da ƙungiyoyin wasanni na ƙasa ana buƙatar yarjejeniya a rubuce mai tsawon da ya zarce wa'adin shugaba ɗaya, wadda za ta ɗaure sakin kuɗi da gabatar da lissafin da aka tantance, ta kuma faɗi hukuncin wanda ya saɓa tun kafin a san wane ne zai saɓa. Kowace babbar gasa tana buƙatar jami'i guda da aka san sunansa, wanda rajistar 'yan wasa da gwaje-gwajensu ke wuyansa, yadda idan an yi kuskure ba za a shafe wata shida ana jifan juna da laifi tsakanin ofisoshi ba. Tun ranar 1 ga Janairun 2022 kuma hukumar zari-ruga ta duniya ta ba ɗan wasan da ya yi shekara uku bai buga wa ƙasarsa ta farko ba damar komawa ƙasar haihuwarsa, ko ta iyayensa, ko ta kakanninsa. Tonga da Samoa sun ci moriyar wannan a kofin duniya na 2023. Najeriya tana da 'ya'ya da yawa da ƙa'idar ta shafa, amma sai an san su, an nemi su, an kuma ba su tabbacin cewa abin da ya sami Echikunwoke ba zai same su ba.

Shi kansa Itoje ya nuna inda ya ga giɓin yake. A 2023 ya kafa asusun Pearl Fund, wanda ke ɗaukar nauyin karatun yara marasa galihu a Legas na tsawon shekaru. Bai fara da filin wasa ko gasar cin kofi mai ɗauke da sunansa ba, da makaranta ya fara, domin ya san daga inda aka ɗauko shi. Mutum ɗaya, komai ƙoƙarinsa, yara ƙalilan zai iya ɗauka. Sauran miliyoyin suna jiran takardar da ke kan teburin wani darakta, ko mataimaki na musamman, ko akawu, a ɗaya daga cikin benayen Abuja. Saƙon taya murna ana rubuta shi cikin minti goma. Takardar da za ta sa wani yaro ɗan shekara 11 a Kwalejin Tarayya ta Sakkwato ko ta Ugwolawo ya tarar da malami da ƙwallo suna jiransa a fili ranar Laraba da yamma ta fi wuya, kuma ba a buga sunan wanda ya sa mata hannu a jarida. Ita ce aikin.